Yadda ake yanke wa tsohon jirgin ruwa farashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, ina jigilar mutane da kaya da shi a Goronyo tun 2019. Yanzu ina son in sayar, amma na rasa kuɗin da zan sa masa ba tare da na cuci kaina ko mai saye ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko shi ne ka ajiye maganar kuɗin da ka saye shi, domin tun bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 farashin inji da katako ya sauya, ta yadda lissafin 2019 ba zai yi maka amfani ba. Ka tambayi kuɗin sabon inji irin naka a yau, ka kuma tambayi maƙerin jirgi abin da zai karɓa ya haɗa mai tsawo da faɗin naka, sannan ka fara ragewa daga nan.

Ka yi wa inji kuɗinsa daban, jirgi daban, domin sau da yawa inji ya fi jirgin daraja. Ka kira makaniken da ba shi da rabo a cinikin ya tayar da injin da sanyin safiya, kafin ya ɗauki zafi. Ya duba ko ruwan da ke sanyaya shi yana fita da ƙarfi, ya kwance man giya: idan ya yi fari kamar madara, ruwa yana shiga ke nan. Ya duba farfela da fulogi. Duk gyaran da ya lissafa, ka cire kuɗinsa daga farashin, kuma rasidin saye, idan yana hannunka, yana ƙara wa injin daraja saboda tsoron kayan sata.

Shi kuwa jirgi, a fito da shi tudu a kife shi, domin fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. A caka wuƙa a ƙasansa da kuma allon baya inda inji ke zama. Inda ta shige da sauƙi, ya ruɓe. Katakon maɗaci ko kawo ya fi farin katako jure ruwa, saboda haka ragin da za a yi musu ba ɗaya ba ne.

Ni a ganina, duk inda yake yoyo ka nuna wa mai saye da hannunka, ko da za a rage maka kuɗi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma wannan jirgi rayukan mutane zai ɗauka a kogin Rima.

Daga nan ka ji ta bakin Sarkin Ruwa da masunta kan kuɗin da aka sayar da irinsa a bana, wato abin da aka biya, ba abin da aka fara nema ba. Idan ba ka matsu ba, ka jira gab da damina, lokacin da masu jigila ke neman jirgi, kuma ka ajiye magana da dillali kan la'adarsa tun kafin a kawo mai saye.