Amsa ga Yaya a kan ƙwaryar Inna

Yaya, sau uku na saurari saƙonki kafin na iya amsawa. Kin ce kin ga hoton 'yata Ummi a WhatsApp rungume da molo, da kika ƙura ido sai kika gane zanen da ke bayansa, ƙwaryar furar Inna ce. Kika tambaye ni ko zaman Ingila ne ya sa na mai da gadon uwarmu kayan roƙo, har ana yi miki tsegumi a Unguwar Rogo. Ban ga laifinki ba. Laifina ne da ban shawarce ki ba tun farko, ki yi haƙuri.

Ba molo ba ne, sunansa ukulele, tsirkiya huɗu gare shi. Asalinsa Hawayi, can tsakiyar Tekun Fasifik. A 1879 jirgin ruwa ya kai leburorin rake can daga tsibirin Madeira na Fotugal, cikinsu har da kafintoci uku, suka je da ɗan abin kiɗansu na gida. Mutanen wurin suka karɓe shi, sarkinsu Kalakaua ya shigar da shi fada. Ana cewa ma'anar sunan "ƙuma mai tsalle", don yadda yatsu ke tsalle a kansa. A nan makarantun firamare da yawa suna koya wa aji guda gaba ɗaya, saboda ƙarami ne kuma ba tsada. Ɗan likita da ɗan direba duk suna kaɗawa, ba wanda ya gada, ba wanda ake yi wa liƙi. A haka Ummi ta koya tana shekara takwas, da wani na roba.

Ƙwaryar kuwa shekara shida tana saman kabad, naɗe da tsohon zane. Wata rana da sanyi na sauko da ita, sai na tarar ta tsage daga baki, tsawon ɗan yatsa. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta busar da ita, don iskar ɗakunanmu a lokacin sanyi ba ta da maraba da ta hunturu. A gida da sai a kai wa mai ɗinkin ƙwarya. A Manchesta wa zan kai wa? Sai na tuna da wani tsohon kafinta maƙwabcinmu, Bature, da ya ajiye aiki yake sassaƙa kayan kiɗa a rumfar bayan gidansa. Ya daɗe yana juya ta, yana bin zanen da farce, yana tambaya da me aka ƙona shi. Ya ce zai iya liƙe tsagar ta koma saman kabad, ko kuma in ba shi wata uku.

Bai taɓa zanen ba ko kaɗan. Ya rufe bakin da siririn katako, ya huda tsakiya, ya dasa mata wuya. Da yake bayanta a zagaye yake, tana sulɓewa daga cikin mutum, sai ya sa mata maɗauri. Muryarta ta fi ta na kanti kauri, kamar mai magana a cikin tulu. In kika leƙa ta hudar da tocila, za ki ga inda ludayin Inna ya cinye gindin har ya yi fari. Kuɗin katako kawai ya karɓa, maman Ummi ta aika masa da dambun nama. Af, kuntigin marigayi Ɗan Maraya ai da gwangwanin kifi ake yin irinsa, kuma na san wadda take ƙure rediyo in ya fara.

Kada ki ɗauka bakin Hausawan nan ɗaya ne a kan kiɗa. Akwai waɗanda ba su yarda da kiɗan tsirkiya ba sam, muna kuma girmama juna, shi ya sa ba na kai ta walima ko harabar masallaci. Amma ki duba halinmu. Babu tsakar gida, babu dandali, yara sun taso ba su taɓa yin gaɗa a farin wata ba, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ranar Sallah muna kama zaure haya, kowa ya kawo tukunyarsa. Bara bayan an ci an ƙoshi, Ummi ta zauna cikin mata ta kaɗa waƙar gaɗar da mamanta ta koya mata. Wata Bakatsiniya da ta shekara talatin a nan ta ajiye faranti ta kama tafi, 'yan mata suka zagaye ta suna koyon amshi.

Yanzu ƙwaryar akwati gare ta, da ɗan soso mai laima a ciki don kar ta sake bushewa, kuma ba a ajiye ta kusa da na'urar ɗumi. Saboda ita ma na ɗage zuwanmu daga Disamba, hunturun Jos sai ya tsaga ta gida biyu. In Allah ya yarda muna tafe a Agusta, da damina, a hannu zan riƙo ta cikin jirgi ki gani da idonki.

Shekaranjiya Ummi ta leƙa ciki ta tambaye ni, da Hausa, wai me ya sa gefe guda ya fi cinyewa, da wane hannu Inna take dama fura? Wallahi na kasa tunawa. Ke da kika fi zama kusa da ita, ki aiko mata da amsa.