Amsa ga mai neman a zana mata tambarin kasuwanci

Assalamu alaikum Malama. Kin tambaya yadda za ki zaɓi mai zanen tambari mai zaman kansa don sabon kasuwancinki, da abin da ya kamata ki kiyaye kafin ki biya. Sau uku na ba irin waɗannan masu zane aiki, kuma na farkon ne ya fi buɗe mini ido, don haka da shi zan fara.

Ya turo mini zane mai kyau a fayil ɗin PNG, na yaba, na biya, muka rabu lafiya. Bayan kusan shekara guda na tashi yin babban allon talla, sai ma'aikatan ɗab'i suka ce hoton zai yi dishi-dishi idan aka faɗaɗa shi, suka nemi fayil ɗin asali. Na nemi mai zanen na rasa, dole na sake biyan wani ya zana tambarin daga tushe. Ba na ɗora masa laifin gaba ɗaya, domin ni ma ban san abin da zan nema ba. Hoton PNG ko JPG ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera, shi ya sa yake fashewa idan aka ja shi, amma zanen da suke kira bekta, wanda ake ajiyewa a SVG, AI ko EPS, layuka ne da aka gina da lissafi, kuma yana nan tsaf ko a kan hatimi ko a jikin babbar mota. Ki nemi waɗannan fayiloli tun kafin a fara aiki, tare da lambobin launukan, saboda launin fuskar waya da RGB ake haɗa shi, na ɗab'i kuwa da CMYK, kuma ba kullum suke fitowa iri ɗaya ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne haƙƙin mallaka. Mutane da yawa suna zaton biyan kuɗi kaɗai ya mayar da zanen nasu, alhali a dokokin ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya haƙƙin yana hannun mai zane mai zaman kansa har sai ya miƙa shi a rubuce. Ko da takarda ɗaya ce, ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu: cewa tambarin ya zama naki kacokan da zarar kin cika kuɗi, cewa shi ya ƙirƙire shi da kansa, da ranar miƙa aiki, da yawan gyaran da farashin ya ƙunsa. Batun ƙirƙira ba wasa ba ne, domin akwai masu ɗauko zanen da aka tanada wa kowa a manhajoji irin su Canva su canza masa launi kawai, kuma irin wannan ba zai zama naki ke kaɗai ba ranar da kika je yi masa rajista. Ni kan sa samfurin da aka turo mini a Google Lens, manhajar bincike da hoto, in ga ko yana da tagwai a wani wuri. Ki tambayi mai zanen kuma lasisin salon haruffan da ya yi amfani da shi, kuma idan sunan kasuwancinki yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki tabbatar salon yana ɗauke da su, don da yawa ba su da su.

Wajen zaɓe kuwa, ko a wane shafin intanet na neman masu zane kika same shi, Fiverr ne, ko Upwork, ko Behance, ki dubi ayyukansa na baya fiye da taurarin yabo, sannan ki lura da tambayoyinsa. Wanda ya karɓi aiki bai tambayi su wa kike sayar wa kaya ba, ko ina za a riƙa manna tambarin, ban cika sakin jiki da shi ba.

Ke ma akwai naki nauyin. Ki bayyana masa abin da kike so dalla-dalla da misalai, ki tattara gyare-gyarenki ki tura lokaci ɗaya, kada ki riƙa sauya ra'ayi duk sanda wani ya tofa albarkacin bakinsa. Na taɓa gajiyar da mai zane na biyu da wannan hali, kuma har yau ina jin nauyinsa. Batun farashi kuwa, masu son biyan kuɗi kaɗan sukan kafa hujja da cewa dala 35 kacal aka biya ɗaliba Carolyn Davidson a 1971 don tambarin Nike, amma a manta cewa kamfanin ya ba ta hannun jari a 1983. Ni dai na saba ba da rabi kafin alƙalami, sauran kuma idan na ga aikin ƙarshe. Kafin ki cika masa, ki buga tambarin baƙi da fari, ki ƙanƙanta shi kamar girman farce, ki gani ko har yanzu ana gane shi.