Amsa ga mai tambaya kan ƙaninta da ake hana wa aiki

Ƴar'uwa, kin ce shan inna ya taɓa wa ƙaninki ƙafafu, ya gama jami'a nan Yamai, amma duk inda ya kai dosiye, da sun ga sandunansa sai a ce ya je za a kira shi. Kina tambaya ko akwai dokar da za ta tsaya masa. Akwai, kuma ta daɗe.

Tun 1993 Nijar ta yi dokar kare naƙasassu, aka gyara ta a 2010. Ita ce ta wajabta wa duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, na gwamnati ne ko kamfani, ya keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 kuma aka ƙara wata doka.

To amma ni da nake kan keken guragu shekara da shekaru, na san takarda ba ta hawa bene. Na taɓa zuwa wani buro da takarduna cikin leda, mai gadi bai ko tambaye ni ba ya miƙo mini dala ashirin, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ba mugunta ba ce, shi dai bai taɓa zaton gurgu zai zo neman wani abu ban da sadaka ba. Gangaren da aka yi mana a ƙofar kuwa, babura uku ne jere a kansa.

Saboda haka kada ya riƙa zuwa shi kaɗai. Ya fara da haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ya yi rajista. Su suka san lokacin da ake buɗe kwankur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kuma wasiƙa mai hatiminsu ta fi kukan mutum ɗaya nauyi. Ya nemi takardar likita mai bayyana naƙasarsa, ya haɗa da kofin dipulominsa. Duk inda ya ajiye dosiye ya karɓi shaida a rubuce mai kwanan wata, domin da ita zai je wurin sufetan aiki in an yi masa kunnen uwar shegu.

A ganina ya fi mai da hankali ga aikin gwamnati, can ne na fi ganin ana waiwayar kason nan. Kamfanoni da yawa sai an tuna musu, wasu ma sai an nuna musu dokar da yatsa.