Tambayoyi da Amsoshi: Gilashin Sikilera Bayan Aikin Kuros-linkin

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da aka yi mini aikin kuros-linkin saboda ciwon keratokonas, amma har yanzu dishi-dishi nake gani. Ko aikin bai yi ba ne?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, domin ba a yin wannan aiki don ido ya washe. A ciwon keratokonas, tantanin nan mai haske da ke gaban baƙin ido yakan yi laushi, ya sirance, ya tsiro gaba kamar malfa. Aikin da aka yi maka, wanda likitocin birnin Diresdin na Jamus suka bayyana sakamakonsa a 2003, shi ne a jiƙa tantanin da ruwan bitamin B2, sannan a haska shi da wani haske na musamman domin ya yi tauri ya daina tsirowa. Ke nan ciwon aka tare, amma karkatar da ta riga ta samu tana nan, kuma a watannin farko gani kan ɗan ƙara dusashewa kafin ya daidaita.

Gilashin sikilera, wato wani ɗan gilashi da ake sakawa kai tsaye a kan ido, shi ke gyara ganin. Faɗinsa yakan kai milimita 15 zuwa 18, alhali tantanin bai cika wuce 12 ba, saboda haka a kan farin ido yake zama, ba ya taɓa wurin da ke ciwo. Ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a sa shi, ruwan kuwa ya cike gurbin karkatar har haske ya shiga ido daidai. A ganina, wanda tabarau ya kasa yi masa amfani ya kamata ya gwada wannan kafin a fara zancen dashen tantani.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 aka yi wa aikin makon jiya. Yaushe za a gwada masa gilashin?

Amsa: Hajiya, fatar saman tantanin takan warke cikin kamar mako guda, amma siffarsa kan ci gaba da sauyawa, shi ya sa likitoci da yawa ke jira wata ɗaya zuwa uku, kuma mai yiwuwa a sake awo daga baya. Abin da ya fi damuna game da yara shi ne murza ido, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tayar da ƙaiƙayi. Murza na iya tayar da ciwon ko bayan aiki, don haka a nemi maganin ƙaiƙayin wurin likitansa.

Tambaya: Zan iya yin alwala da gilashin a idona? Kuma me ya sa yake yin hazo da tsakar rana?

Amsa: Za ki iya, muddin kin rufe ido sosai yayin wanke fuska. Kada ki kuskura ki wanke gilashin ko ki cika shi da ruwan famfo, na rijiya ko na leda, domin akwai ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke zama cikin ruwa, wadda kan ci tantanin har ta makantar. Kada kuma ki kwana da shi. Hazon kuwa datti ne da ke taruwa a ruwan da ke ƙarƙashinsa. Ki cire, ki wanke da ruwan wankinsa, ki zuba sabon ruwan gishiri. Idan ido ya yi ja, yana zafi ko yana gudun haske, ki cire gilashin ki je asibiti a ranar.