Filin Mafarauta: Na Wanda Ya Harba Ne ko Na Wanda Ya Yanka?

Wasiƙun wannan fitowa daga kudancin Kebbi suka fi yawa, kuma galibinsu ƙorafi ne tsakanin maharbi da maharbi. Ga amsoshin da maharba da malamin dajin da ke kula da wannan fili suka bayar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna farautar gada da mazo a wani daji yamma da garinmu, ba gonar kowa ba ce, tun kakanni ake shigarsa. Bana wani ya ce mana dajin gwamnati ne, in aka gan mu da bindiga kamu ne. Yaya za mu gane inda aka yarda da inda aka hana? (Mai karatu daga Ngaski)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A doka babu dajin da ba shi da mai shi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sai dai dazuzzukan ba matsayinsu ɗaya ba.

Akwai gandun namun daji na tarayya, irin na Tafkin Kainji mai ɓangare biyu, Borgu da Zugurma, wanda ke maƙwabtaka da ku ta jihar Neja. Can ko zomo ba a harbi. Shiga da bindiga ko tarko laifi ne ko da ba ka kashe komai ba, kuma in naman da ka harba a waje ya tsallaka ciki, to ya tsira, sai ka juya. Akwai gandun daji na jiha, wanda ma'aikatan gandun daji ke kula da shi. Iyakarsa kan kasance da turakun siminti ko layin da aka share, ko da yake da yawa sun faɗi ko ciyawa ta cinye su, kuma faɗuwar turke ba ta soke gandu. Wannan sai da izini a rubuce. Saura shi ne dajin gari, inda maganar hakimi da sarkin dawa take aiki. Ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi malamin daji, ku faɗa masa sunan dajin da na rafin da ke kusa, shi zai gaya muku wane iri ne.

Izinin wuri daban, izinin dabba daban. Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta hana taɓa wasu gaba ɗaya, wasu kuma sai da lasisi. Barewa ta yi ƙaranci ƙwarai, gwanki kuwa da wuya a gan shi a wajen gandu. Shawararmu ku ƙyale su. Ko gada da mazon ma, ɗa ɗaya suke haifa bayan cikin wata shida ko ɗan fiye, don haka a zaɓi namiji. Macen mazo ba ta da ƙaho, macen gada ma galibi haka. Barewa kam mace da namiji duk suna da shi.

Tambaya: Na harbi mazo da hantsi, ya gudu, na bi jini har kusan azahar. Da na isa na tarar wasu mafarauta daga wani gari karnukansu sun kayar da shi, har sun yanka. Na ce nawa ne, suka ce a daji wanda ya riƙe shi ne mai nama. Saura kaɗan a zare barandami. Wa ke da gaskiya? (Maharbi daga Shanga)

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ba ka biye wa zuciya ba. Amsar tana jikin mazon, kuma da an feɗe shi a gabanku duka da an gan ta.

Abin da malaman Malikiyya suka tafi a kai shi ne, ganin nama ko taso shi ba ya sa ya zama naka. Na wanda ya kai hannu gare shi ne, ko wanda ya kassara shi har ba ya iya tsira. In harbinka ya shiga huhu, ko zuciya, ko hanta, ko ya karya ƙashin baya, mazon naka ne tun daga lokacin, karnukansu gajarta maka tafiya kawai suka yi. In kuwa fata ka ƙuje masa, ko harsashi ya ratsa tsokar cinya ya ci gaba da gudu da ƙarfinsa, nasu ne. In abin ya rikice, kowa da hujjarsa, a raba.

Jinin da ka bi ma shaida ne. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, kuma irin wannan nama ba ya yin nisa. Ja mai duhu mai kauri na hanta ne: zai yi tafiya, ya kwanta, ya mutu a kwance. In ka ga ruwa-ruwa mai kore da ɓarɓashin ciyawa da wari, tumbi ko hanji ka samu, zai mutu amma sai ya daɗe. Ɗigo-ɗigo mai raguwa har ya ɗauke, tsoka ce. Tun da ka bi shi daga hantsi har azahar yana gabanka, a ganinmu ba huhu ba ne, ko ciki ne ko tsoka, kuma nan ne gardama ke da wurin zama. Da mu ne masu hukunci, rabawa za mu ce.

Yadda ake isa wurin ya kan yanke rabin rigimar. Ka tsaya daga nesa ka yi sallama. Yatsa ya bar kunama, bakin bindiga kada ya kalli kowa. Kada ka taɓa naman, kada ka doki kare, domin mafarauci ya fi jin zafin dukan karensa a kan rasa cinya. Ka nemi babbansu, ka ce masa: “Baba, jinin nan na biyo tun daga wuri kaza, a duba inda harsashi ya shiga.” In ya tabbata naka ne, kada ka ɗauke shi ɗungurungum. Ka ba su karfata ko cinya, kayan ciki kuma na karnuka. In sun ƙi sauraro, ka tambayi garinsu, ka tsinki ganyen da jini ya ɓata, ka kai maganar ga sarkin dawanku ya nemi nasu. Ƙwace a tsakanin mutane masu bindiga da barandami ya sha ƙarewa a asibiti ko gaban alƙali, a kan naman da bai kai kuɗin ɗinki ba.

Don gaba, gyaran yana wurin harbi. Bindigar toka ba ta da tabbas bayan taku 25 zuwa 30. Ka jira nama ya ba ka gefe, ka auna bayan ƙafar gaba, kamar tafin hannu sama da ƙasan ƙirji. Da ka harba, ka karya reshe a inda ka tsaya, ka sa wata alama a inda ya tsaya, sannan ka zauna rabin awa. Yawancin naman da ke faɗawa hannun wasu, mai shi ne ya kora musu shi: dabba mai rauni tana neman duhuwa ta kwanta, in ka taso ta da wuri sai ta yi gudun da ba ta yi niyya ba. Harbin ciki yana son jiran awa 4 ko fiye. Shi ya sa ba ma son harbin gab da magariba, tun da a mazhabarmu naman da ya kwana bai zo hannu ba, aka tsince shi matacce, ba a cin sa. Zafin Maris da Afrilu ma ba zai bar maka shi da kyau ba.

Tambaya: Karena ya kama gada, na iso na tarar da wani kare tare da shi, gadar ta riga ta mutu. Ta halatta? (Daga Zuru)

Amsa: Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim ya yanke wannan: kada ka ci, domin a kan karenka ka yi bisimilla, kuma ba ka san wanda ya kashe ba. In ka tabbatar ɗaya karen ma horarre ne, mai shi ya sake shi da bisimilla, ta halatta, ku raba. In da sauran rai ka same ta, ka yanka.

Tambaya: Na gyara wurin bago, wato wurin zaman jiran nama, a kan wata tsamiya kusa da mashaya, na share, na ɗaura itacen zama. Da asuba na tarar da wani a kai. (Daga Bagudo)

Amsa: Itacen da ka ɗaura naka ne, tsamiya da mashaya ba naka ba ne. A dajin gari wanda ya riga zuwa ranar shi ke da wuri, ko da yake mai kunya in ya ga aikin hannun wani ya kan matsa. Kada ka tsaya yi masa magana a gindin bishiya da asuba, ku duka za ku yi asarar ranar. Ka yi ɗan fito ya san mutum ne, ka ɗaga hannu, ka koma ta inda ka zo. Maganar a yi ta a gari, ku raba kwanaki.

Abin da ya fi haɗari shi ne ka zagaya ka zauna a ɗaya gefen ruwan kuna fuskantar juna, nama ya sauko tsakaninku. Ko ka bar mashayar, ko ku zauna gefe ɗaya.

Kowace mashaya tana son wurin zama biyu ko uku, saboda iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka zama a kudu maso yammacin ruwa ya fi, ta doki fuskarka. Ƙulla toka a tsumma ka riƙa kaɗawa, inda ƙurar ta nufa can warinka ke zuwa. Kuma wanda ya share wuri fes, ya sare rassa farare suna haske, shi ya nuna wa kowa wurin. Ka duba sawun shanu ma: mashayar da makiyaya ke kawo garke da safe ba wurin harbi ba ce.

Tambaya: Baba, ni yaro ne, bana zan fara bin farautar gayya da adakar mahaifina. Me zan kiyaye? (Daga Yauri)

Amsa: Yaro, fara da bindigar. Ka zura sandar ɗuri cikinta tana wofi, ka yi tsaga a sandar daidai bakin bindiga. Ka ɗura sau ɗaya, ka sake zurawa, ka yi tsaga ta biyu. Daga nan duk lokacin da ka yi shakka, sanda za ta gaya maka. Ɗuri a kan ɗuri shi ne babban abin da ke fasa bututu ya tafi da yatsu, kuma cikin hayaniyar gayya ake yin sa, mutum ya ɗauka ta tashi alhali ta ƙi. Awon albarushi ya zama ɗaya kullum, da ma'aunin mahaifinka, ba da tafin hannu ba. In ka faɗi, ka duba ko ƙasa ta toshe baki. In ka ja ta ƙi tashi, ka riƙe ta a inda ka auna har minti ɗaya cikakke, don albarushi mai sanyi ya kan yi jinkiri sannan ya kama. Kada ka leƙa bakinta.

A sahu, ka san wanda ke damanka da wanda ke hagunka, kuma kada ka wuce gaba don ɗoki. Naman da ya gudu a tsawon sahu ba naka ba ne, ka bar shi ya fita. Ba a harbin motsin ciyawa, sai ka ga kai da ƙafafu, ka kuma ga abin da ke bayansa. Maharba masu ɗaura kan tsuntsun burtu a ka suna rarrafe har yanzu suna nan, akwai masu itace da yaran kiwo. Kafin a tashi daga gari, ka ji da kunnenka yadda sarkin dawa ya tsara rabon nama, domin al'adar kowane gari daban, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Muna son zuwa farauta wata jiha, kuma mun fi samun nama da dare da fitilar goshi. (Daga Danko-Wasagu)

Amsa: Ta dare ku bar ta. Dokar 1985 ta hana farautar dare, da cinna wa daji wuta, da sa guba, da bin nama da mota. Idon ɗan maraƙi da na akuya suna ƙyalli a fitila kamar na gada, na mutum kuwa ba ya yi, sai ka harbi ƙyalli alhali makiyayi na tsugune a bayansa. A yankinku mai iyaka da Zamfara da Neja, mai bindiga da dare ba wanda zai tsaya tambayarsa ko maharbi ne.

Tafiya kuma sai da takardu. Lasisin bindiga mai ɗuri ta baki yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, na mai harsashin kwali kuwa a hannun Sufeto Janar. Ku haɗa da katin ƙungiyarku da wasiƙar hakimi mai sunan kowa. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne masu komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Don haka tun kafin ku tashi, sarkin dawanku ya kira na garin da za ku sauka, a samu wanda zai tarbe ku. Bindigogi su yi tafiya babu ɗuri, a naɗe, albarushi a jaka daban, kuma a shingen bincike ku faɗa da bakinku kafin a buɗe kaya. Da kun isa, ofishin 'yan sanda da fadar mai gari ne farko. Ku nemi ɗan gari ya shiga daji tare da ku, a yanka masa kasonsa tun a fada.