Tambaya da Amsa: Shin jirgin sama ma yana da titi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na je Amurka taya 'yata zaman jego, wata uku na yi. Abin da ya hana ni sakat shi ne jiragen sama. Tun ba mu shafa addu'ar asuba ba suke farawa, wannan na wucewa wancan na tafe, duk ta saman gidan, kamar an ja musu zare. Mijinta ya ce lokacin da suka sayi gidan sai a wuni ba a ji jirgi ba, kuma filin jirgin yana nan inda yake, ba a matso da shi ba. Shin jirgi ma yana da hanya a sama da ake sauya masa? Kuma ƙarar nan ba za ta taɓa kunnen jaririyar ba?

Hajiya, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da dawowa, Allah ya raya abin da aka samu. Da kika ce kamar an ja musu zare, ai kin amsa rabin tambayarki da kanki, don zaren aka ja.

A da, jirgi na bin wasu na'urorin rediyo ne da aka kafa a ƙasa, ma'aikacin hasumiya kuma yana ce wa matuƙi karkata dama, karkata hagu. Sai ya zama jiragen sun bazu kamar shanu a makiyaya: wannan ya bi ta nan, wancan ya bi ta kilomita biyu ko uku gefe. Kowace unguwa ta ɗan ji, ba wadda ta sha duka. Da aka koma amfani da tauraron ɗan'adam, a ƙarƙashin shirin da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta kira NextGen, sai aka tattara garken aka sa shi a burtali. Kowane jirgi na taka sawun na gabansa. Kamfanoni sun samu sauƙin mai, tafiya ta ragu, unguwanni da yawa ma sun samu shiru, sai dai su ba sa rubuto wa kowa wasiƙa. Wanda burtalin ya bi ta kan rufinsa shi ke kwana da abin. Ga dukkan alamu gidan 'yarki yana cikinsu.

Ni a Kano na taso, ba nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma na san wani irin sauyin hanyar tun ina yaro, amma na iska ne. Jirgi yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska. Da hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, sai jiragen su juya su ma. Malaminmu na firamare in jirgi ya taso sai ya tsaya da alli a hannu, baki buɗe, har ya wuce, sannan ya ɗora daga kalmar da ya tsaya. Wannan sauyi yana zuwa yana tafiya. Wanda kika gani a Amurka kuwa a ofis aka zana shi, ba ya bin damina ko rani.

Birnin Phoenix na jihar Arizona ne misalin da ya fi fitowa fili. Ranar 18 ga Satumba 2014 FAA ta sauya hanyoyin tashi daga filin jirgin Sky Harbor, jirage suka riƙa karkata da wuri ta kan tsofaffin unguwannin da ke kusa da tsakiyar gari. Ba a yi zama da mazauna ba, wayar gari kawai suka yi da ruri a ka. A 2015 hukumar birnin ta kai ƙara, ranar 29 ga Agusta 2017 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ba ta gaskiya, a 2018 aka mayar da hanyoyin da ke fita ta yammacin filin kusan yadda suke a da. Amma kada surukinki ya ɗauka haka ake ci kullum. Doka ta ba da kwana 60 ne kacal a ƙalubalanci irin wannan hukunci na FAA. Mutanen unguwar Georgetown a Washington sun kai irin ƙarar, a 2018 aka kore ta saboda sun makara.

Abin da ya fi ba ni haushi a lamarin shi ne ma'aunin. A Amurka ba a cewa ƙara ta yi yawa sai ta kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 65, kuma ba ƙarar jirgi ɗaya ake aunawa ba, matsakaicin awa 24 ake ɗauka, a ƙara wa jiragen dare, daga goma zuwa bakwai na safe, desibel 10. Tamkar a ɗura miki barkono a loma ɗaya ne, sannan a raba shi da tukunyar miya a ce ai ba yaji. Gida zai iya ganin jirage fiye da ɗari a wuni bai kai 65 ɗin ba, kuma wanda bai kai ba ba ya cikin waɗanda ake sa wa tagogi masu tare ƙara da kuɗin hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bai wa ƙasashen Turai a 2018, 45 ta ce, da dare kuma 40.

Batun jaririya, ki kwantar da hankalinki ta fuskar kunne. Jirgin da ya riga ya yi sama, aka jiyo shi daga cikin ɗaki, ba ya kurmantar da yaro. Inda yake ɓarna shi ne barci, na yaron da na mai jego, sai kuma karatu in ya girma. A 1992 birnin Munich na Jamus ya rufe tsohon filin jirginsa ya buɗe sabo, masu bincike suka bi yaran wuraren biyu. Na kusa da tsohon filin karatunsu da riƙe abu a ka suka inganta, na kusa da sabon suka ja baya. A manya kuma an danganta daɗewa cikin ƙarar dare da hawan jini.

Ba kasafai ake kawar da hanyar ɗungurungum ba, don duk inda aka kai ta rufin wani ne. Abin da aka fi samu shi ne rabon wahala. A filin jirgin Heathrow na Landan, yawancin ranaku ana musanya titin sauka da ƙarfe uku na rana, don wani sashe ya huta rabin yini. A Frankfurt tun 2011 aka hana tashi da sauka daga sha ɗaya na dare zuwa biyar na asuba.

Ki ce wa surukinki ya riƙa rubuta lokacin da kowane jirgi ya wuce, ko da na sati biyu ne. Manhaja irin Flightradar24 za ta nuna masa nisan jirgin daga ƙasa da inda ya nufa. Ya kai wa ofishin koke-koken ƙara na filin jirgin, ya kuma nemi maƙwabta su je wurin kansilansu tare, don a Phoenix ma da hukumar birni a gaba aka shiga kotu. Kafin nan, a mayar da gadon jaririyar ɗakin ƙasa in gidan bene ne, a rufe taga da asuba, a bar fanka tana juyawa a hankali don ta ɗan danne rurin. A gaishe min da mai jego.