Kafin ka tara kuɗin sabon iyafis, gwada robar da ke kunnenka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na ce bari in samu natsuwa in ba ka amsa a tsanake, domin abin da kake kuka da shi na sha fama da shi shekara da shekaru. Ka ce ka sayi 'yar na'urar jin kiɗa ta aljihu, ka cika ta da waƙoƙi, amma iyafis biyu na cikin kunne da ka gwada duk ba su yi maka ba: ɗaya sautinsa fayau babu nauyi, ɗayan kuma sai ya riƙa zamewa in kana tafiya. Kana tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi irin masu lasifika huɗu ko biyar a kowane kunne, waɗanda ake ta yabawa.

Dakata tukuna. Matsalolin nan biyu da ka lissafa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma ina kyautata zaton ba daga lasifikar suke ba. Daga 'yar robar nan ce da ke kan bakin iyafis ɗin, wadda ke shiga ramin kunne.

Iyafis na cikin kunne ba ya aiki sai ya toshe ramin kunnen ruf. Lasifikar da ke cikinsa 'yar mitsitsiya ce, faɗinta bai fi milimita 6 zuwa 10 ba a yawancinsu, ba ta da ƙarfin tura iska mai yawa. Abin da take yi shi ne ta matsa 'yar iskar da ta maƙale tsakaninta da dodon kunne. In akwai kafa ko da ƙanƙanuwa ce a gefen robar, iskar nan sai ta sulale, kuma abin da ke fara gudu shi ne bes, wato nauyin ganga da kaurin murya. Sai a bar ka da sauti kamar na rediyon da ke can wani ɗaki. Robar da ba ta toshe ba kuwa ita ce dai robar da ba ta kama ba, shi ya sa take zamewa.

Ni da kaina na yi mako uku ina jin haushin wani iyafis da na daɗe ina tara wa kuɗi. Na riƙa cewa an cuce ni. Wata rana da daddare ina kwance, sai na juya, matashin kai ya danna na kunnen hagu ciki. Nan take na ji ganga ta cika mini kai, na ji jitar bes da ban taɓa sanin tana cikin waƙar ba. Na tashi zaune, na ɗauko kwalin, na zazzage 'yar ledar robobin da ban taɓa buɗewa ba. Ashe kunnena na hagu babbar roba yake so, na dama kuma matsakaiciya. Har yau haka nake sa su, kuma mutane da yawa haka kunnuwansu suke ba su sani ba.

Don haka ga gwajin da nake so ka yi yau, da waɗanda ke hannunka. Kunna waƙar da ka san tana da ganga mai nauyi, ka sa yatsa ka ɗan danna iyafis ɗin ciki a hankali. In bes ya dawo, ka saki ya gudu, to robar ta yi maka ƙanƙanta, ko kuma ba ka shigar da ita daidai ba. Wajen sawa, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai, ka ja kunnen sama da baya kaɗan, ramin zai miƙe, sai ka tura robar ka saki. In ta zauna, za ka ji hayaniyar ɗaki ta ja baya, muryarka kuma in ka yi magana za ka ji ta a cikin kanka.

Robobin ma iri-iri ne. Akwai ta silikon, mai santsi, wadda ake wankewa kuma tana daɗewa. Akwai ta soso, irin wadda kamfanin Comply ya yi suna da ita: ka murza ta tsakanin yatsu ta kankance, ka tura, ka riƙe kamar daƙiƙa ashirin ta kumbura ta ɗauki siffar kunnenka. Ta soso ta fi toshe hayaniya, ta fi kama kunnen da ke gumi, tana kuma ɗan rage kaifin siririn sauti, amma tana tsufa da wuri, cikin 'yan makonni ko watanni sai ka canza. Akwai kuma mai hawa uku mai kama da 'yar bishiya, wadda kamfanin Etymotic ke amfani da ita tun ER-4 da ya fitar a 1991. Wannan tana shiga can ciki, tana kashe hayaniya ƙwarai, sai dai ba kowa ke jure ta ba. Ni na jure ta a doguwar tafiya, amma ban iya kwana da ita ba. In wata roba tana sa maka zafi bayan rabin awa, kada ka ce za ka saba, canza ta. Abin da ke sa ciwo a aljihun tebur zai ƙare, komai daɗin sautinsa.

In ka tabbatar toshewa ta yi, sautin kuma har yanzu bai yi maka ba, to a nan ne maganar sabo ta taso. Abu na farko da za ka duba shi ne ko zai yi jituwa da na'urarka. A bayan kwali za ka ga lambobi biyu masu amfani. Ɗaya ita ce turjiyar lantarki da ake aunawa da om, yawancin na cikin kunne suna tsakanin 16 da 32. Ɗayar ita ce saurin amsawa, wato yawan ƙarar da yake bayarwa daga 'yar wutar da aka ba shi, da ake rubutawa da dB (ma'aunin ƙarfin sauti), galibi daga 100 zuwa 110 ko sama. Kowace 'yar na'ura za ta iya tuƙa irin waɗannan ba tare da ƙarin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ba, kada wani ya sa ka sayen abin da ba ka buƙata. Matsalar ma ta ɗaya ɓangaren take zuwa. Iyafis mai saurin amsawa sosai yana tona asirin na'ura: in tana da 'yar ƙara ta cikin gida, za ka ji wani "shiii" siriri a bayan kiɗa, musamman tsakanin waƙa da waƙa. Gwada shi a ɗaki shiru, ka tsayar da waƙa ka saurara. Da rana cikin hayaniya ba za ka ji ba, sai dare ya yi ya dame ka.

Akwai kuma turjiyar bakin na'urar ita kanta. Masu harkar sauti suna bin ƙa'idar kashi ɗaya cikin takwas: turjiyar fitar na'ura kada ta wuce ɗaya bisa takwas na ta iyafis. Ga mai om 16, ana son na'urar ta tsaya a om 2 ko ƙasa. In ta haura haka sosai, sautin yana iya karkacewa, kuma waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu lasifika da yawa ɗin nan da kake sha'awa, domin turjiyarsu tana hawa tana sauka daga sauti zuwa sauti.

To bari mu zo kansu. Lasifikar cikin iyafis iri biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce ta gargajiya, mai tantani da maganaɗisu da naɗin siririyar waya, ƙanwar wadda ke cikin babbar lasifika. Ita ce ke ba da bes mai jiki, wanda kake ji kamar ana tura iska. Ta biyu 'yar ƙaramar akwati ce ta ƙarfe mai wani ɗan harshe da ke rawa tsakanin maganaɗisu biyu, wadda aka daɗe ana amfani da ita a na'urar taimaka wa masu raunin ji. Kamfanonin Knowles da Sonion su ne manyan masu ƙera ta. Tana fitar da ƙananan bayanai tas, amma guda ɗaya ba ta cika ɗaukar sauti daga ƙasa har sama da ƙarfi ɗaya ba, shi ya sa ake jera biyu, uku, biyar, a raba musu aiki. Ka ga ke nan yawan nasu magani ne na wata gazawa. In wanda ya haɗa su gwani ne, abin sai wanda ya ji. In ba gwani ba ne, za ka ji ganga na gefe guda, murya na gefe guda, kamar mawaƙan da ba su yi atisaye tare ba. Na saurari mai lasifika ɗaya da ya fi mai biyar daɗi nesa ba kusa ba. Shure SE215, wanda ya fito a 2011 kuma har yanzu masu hawa dandamali ke amfani da shi, lasifika ɗaya ce tak a cikinsa. Ga wanda yake farawa, da na'ura ƙarama, ni mai lasifika ɗaya ta gargajiya nake ba da shawara.

Lambar nan ta "20 Hz zuwa 20,000 Hz" kuwa, ka wuce ta kawai. Iyakar jin ɗan Adam ke nan, daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, kowane kwali yana rubuta ta, wasu ma su rubuta 40,000. Ba ta gaya maka yadda aka rarraba ƙarfin sautin a tsakani, alhali nan ne daɗi ko rashinsa yake.

Wannan kunnenka ne kawai zai yanke. In ka samu damar gwadawa kafin ka saya, tafi da na'urarka da waƙoƙi uku da ka haddace kamar sunanka. Ɗaya ta zama murya ce zalla ko da kiɗa kaɗan. Yawancin masu arha an ƙara musu bes da siririn sauti, an danne tsakiya, domin minti biyun farko su burge mai saye. Tsakiyar nan kuwa nan murya take zaune. Saurari harafin "s" da "sh" a bakin mawaƙi: in suna tsira maka kunne kamar allura, bayan awa ɗaya kanka zai yi ciwo. Kuma ka daidaita ƙarar in kana kwatanta biyu, domin wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne kullum shi kunne ke ɗauka ya fi kyau. Ka duba fayilolinka ma. Iyafis mai kyau ba ya rufa wa MP3 mai 128 kbps asiri, wato fayil ɗin da aka matse sosai, za ka ji kuge yana wani ruwa-ruwa. Mai 320 ko FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage masa inganci ba, ya wadatar.

Igiya ita ce ke fara mutuwa, kusan kullum a gindin filogi ko inda ta shiga kunne. Na binne iyafis masu rai da yawa saboda igiya kawai. Yanzu ba na sayen wanda ba a cire masa igiya. Mahaɗi biyu ne suka fi yawa, MMCX mai juyawa da mai fil biyu na milimita 0.78, duka ana samun madadinsu. Filogi mai lanƙwasa ya fi jure zaman aljihu a kan miƙaƙƙe. Ka nemi wanda igiyarsa ke zagayawa ta bayan kunne: ba ya zamewa, kuma yana kashe ƙarar nan ta gugar igiya da riga da ke hawowa har cikin kai in kana tafiya. Ka tabbata filogin na milimita 3.5 ne, domin wasu na'urorin suna da rami na biyu na 4.4 ko 2.5, kuma ba a musanya su haka kawai. Maɓallan da ke jikin igiya na ɗaga waya da ƙara sauti, ba lallai su yi aiki da na'urar kiɗa ba, kada ka biya kuɗi dominsu.

Na Bluetooth ban hana ka ba in na'urarka tana da shi, amma ka san batir ɗin da ke cikinsu yana tsufa cikin 'yan shekaru kuma da wuya a canza shi. Mai igiya kuwa ina da wanda ya shekara bakwai yana aiki.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka da shi tsakani da Allah, shi ne ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron dB 80 na awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba. Duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin nan biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. 'Yar na'urar aljihu da iyafis mai saurin amsawa suna iya haura 100 cikin sauƙi. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne, masu ɗaukar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Akwai lokacin da nake cika ƙara a cikin mota don in danne rugugin inji, in na sauka sai in ji kunnena yana wani kuka siriri har in kwanta. Tsoron da na ji a lokacin shi ya sa na koma robar soso, kuma da hayaniyar waje ta toshe, sai na ga rabin ƙarar da na saba ma ta ishe ni. Amma toshewar nan tana da nata haɗarin: in kana tafiya a bakin titi ko kana kan keke, cire ɗaya, ko ka cire duka.

In wata rana ka ji ɓangare ɗaya ya yi ƙasa, kada ka yi saurin cewa ya lalace. Cire robar ka duba 'yar ragar da ke bakin bututun, galibi dattin kunne ne ya toshe ta. Juya bakin ƙasa, ka goge da busasshen burushi mai laushi, kada ka tura allura ciki. Robar silikon kuma ka wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, ta bushe sarai kafin ka mayar.

Yi gwajin yatsan nan da iyafis ɗinka biyu, da kowace roba da ta zo a kwalinsu, kunne ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka dawo ka faɗa mini abin da ka ji, da sunan na'urar taka, da irin kiɗan da ka fi saurare da kuma inda ka fi sauraronsa. Da waɗannan zan iya ce maka ga irin wanda za ka nema.